Aron nutiral a akwatin wutar gida

A cikin gidajen da nake shiga gyaran wuta, daga Kurna har Hotoro, ba abin da yake tayar min da hankali irin aron nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Mai wayarin ya ga waya ta yi tsada a Sabon Gari, sai ya jawo layif biyu (wayar da ke kawo wuta) daga bireka biyu (makunnin da ke yanke wuta in ta yi yawa), na fitilu da na soket, ya haɗa musu nutiral ɗaya. Wuta ta kama, maigida ya biya, kowa ya kama gabansa.

To bireka layif kawai take gadi. In layukan nan biyu a fes ɗaya suke, wato layif guda daga waje ke ba su wuta, duk abin da suka ja ta wannan wayar guda zai koma. Ta yi ta zafi a cikin bango, robarta ta narke, bireka ba ta san ana yi ba.

Mu masu gyara kuwa ranmu ne a ciki. Ka kashe birekar fitilu, ka ɗora testa, shiru. Kana kwance nutiral, ashe firij yana aiki a ɗaya layin, wutar ta ratsa ta cikinsa ta tsaya a bakin wayar da ke hannunka, bolt 230 cur. Shi ya sa nake kashe babban makunni gaba ɗaya, in cire inbata da janareto, ko da uwargida za ta ce ƙanƙararta na narkewa. "Hajiya, a yi haƙuri," in ci gaba da aikina.

Gida mai fes uku dama nutiral ɗaya ne ke shigowa, wannan ba laifi, matuƙar an ɗaure shi tamau. Na buɗe wani akwati a Tarauni, sukurun nutiral ya yi baƙi ƙirin, wayar tana lilo, ƙaurin roba ya cika wurin. Wutar wani fes ɗin ta haura ta doshi bolt 400, ta cinye talabijin da caja duk. Kafin nan fitilun falo sun ta haske fiye da kima, na ɗaki suna dushewa. Duk wanda ya ga haka a gidansa ya kashe wuta nan take.

Kada a yarda da kalar waya ma. A tsohon tsari baƙa ce nutiral, shuɗiya fes. A sabo shuɗiya ce nutiral, baƙa fes. Duka biyun suna cikin gidajenmu.

In birekar kariya mai miliamf 30, wadda ke yanke wuta in ta yi yoyo, tana yawan faɗuwa, don Allah kada ka bari a cire ta, wataƙila aron nutiral ne. Ka ce a bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ja masa nasa nutiral.