Ranar da Yaya ta raɗa wa ƙwaya suna

Shekara 9 ke nan da auren yayata, 6 daga ciki da ƙwaya a gidan. Da izininta nake wannan rubutu.

A wurin wanki ta fara ganewa. Za ta zazzage aljihun rigar maigidan sai katin tiramol ya faɗo, duk an ɓalle shi. Daga baya sai kwalaben maganin tari a bayan banɗaki. Da gwamnati ta haramta mai kodin a 2018 mun yi murna, ashe a gidanta tsada kawai abin ya ƙara. Kuɗin cefane ya ja baya, tukunyar gas ta yi ƙafa, 'yan kunnen gwal na lefenta suka bi.

Duk wannan bai ci ta kamar bakin mutane ba. Uwar miji ta ce da ta iya riƙon miji da bai lalace ba. A gidanmu kuwa, mu ma da laifinmu, kullum "ki yi haƙuri" ne. A unguwa sunanta ya koma matar ɗan ƙwaya. Ta daina zuwa biki da suna, barci ya ƙaurace mata, jininta ya hau. In ka ce "Yaya, ya jiki?" sai ta ce ai jiya bai sha ba, ko yau a waje ya kwana. Ka tambaye ta ita, ta ba ka labarinsa.

A asibitin da ake duba mata jini aka haɗa ta da wata mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ni nake raka ta. Hanyar da matar take bi ana kiranta jinya ta hanyar labari. Mutum biyu suka assasa ta a shekarun 1980, Michael White a birnin Adelaide na Ostareliya da David Epston a Niyu Zilan. Tushenta shi ne mutum daban, matsalarsa daban, kuma labarin da aka daɗe ana ba ka game da kanka ba shi kaɗai ne labarinka ba.

A zama na biyu matar ta ce, "Maman yara, wannan abin da ya shigo gidanki, in za ki raɗa masa suna, me za ki kira shi?" Yaya ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Kishiya." Ta ce ita ke cin kuɗinsa, ita ke da kwana kullum, kuma ba da shawararta aka kawo ta ba. Daga nan tambayoyin suka sauya. Me Kishiya take raɗa miki game da kanki in dare ya yi? Wa ta raba ki da shi? Kin yarda da abin da take faɗa? Ranar na fara jin Yaya ta ce da bakinta, "Ba ni na kai masa ƙwaya baki ba."

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda matar take farautar ranakun da Kishiya ba ta yi nasara ba. Yaya ta ambaci keken ɗinkinta a gefen magana, wai tun bara ta kai shi gidan maƙwabciya don kada a sayar. Mu duk mun san zancen, ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Matar ta tsaya a nan kusan rabin awa. Yaushe kika yanke shawarar? Wa ya kama miki? Me kike karewa? Sai ga zancen adashen da take zubawa a ɓoye, wanda da shi ta biya kuɗin makarantar yara zango uku. Aka juyo gare ni, aka ce kada in yi nasiha, in faɗi kalmar Yaya da ta tsaya mini a rai kawai. Na kasa ƙarasawa don kuka.

Kada wata ta ɗauka wannan maganin shaye-shayen miji ne. Shi nasa aikin daban, yana buƙatar likita da nasa ƙudurin. Tun a zaman farko ma matar ta tambaya ko yana duka, ta ce in akwai duka to tsira da lafiya ake fara nema. Kuma ba ta taɓa ce mata zauna ko fita ba. Na so ta ce fita, ban ɓoye ba, amma na gane an daɗe ana yanke wa Yaya hukunci ba a tambaye ta ba.

Bayan zama na shida matar ta ba Yaya wasiƙa, shafi ɗaya, kusan duk kalaman Yaya ne aka tattara. Tana ajiye da ita a aljihun keken. Maigidan ya daina na wata biyu ya sake komawa. Keken yana nan gidan maƙwabciya, can take zuwa ɗinki da hantsi. Makon jiya ta je sunan 'yar ƙawarta sanye da atamfar da ta ɗinka da hannunta, sai bayan la'asar ta dawo.