Abin da haɗa Larabci da Faransanci a layi ɗaya ya koya min

Duk mai aikin buga takardu a nan Njamena ya san harsunan gwamnati biyu ne, Faransanci da Larabci, kuma takardu da yawa sai sun ɗauki duka biyun, République du Tchad a hagu, Larabcinsa a dama. Wannan ba wuya, kowa na gefensa. Rigimar sai sun haɗu a layi ɗaya, jimla ta Larabci amma a cikinta ga sunan magani da Faransanci, ga farashi da sefa, ga kuma lambar waya.

Abin da na fahimta shi ne kwamfuta ba ta ajiye rubutu yadda ido ke ganinsa, yadda ka buga shi take ajiyewa, harafi bayan harafi, sai wajen nunawa take jera su. Ƙa'idar jerin masu Unicode ne suka rubuta ta, wato masu tsara haruffan kwamfuta na duniya, ana ce mata bidi. Haruffan Larabci sun san daga dama suke tashi, na boko sun san daga hagu, amma fili da aya da waƙafi 'yan a bi yarima a sha kiɗa ne, inda maƙwabtansu suka nufa nan suke nufa, in maƙwabtan suka saɓa sai su bi alƙiblar sakin layin gaba ɗaya. Shi yasa za ka ga aya ta tsallaka ta zauna a farkon jimla kana ta mamaki.

Lambar waya ce ta fi ban haushi wlh. Tamu ta Chadi lambobi 8 ne kuma mun saba rubuta su bibbiyu da fili a tsakani, to a layin Larabci kowane biyu yana nan daidai amma jerin nasu sai ya juya, na farko ya koma ƙarshe. Akwai wani da muka yi aiki tare, maganinsa kawai sai ya buga lambar a juye don ta fito daidai a ido. A takarda lafiya lau. Ranar da mai shagon da aka yi wa aikin ya kwafi rubutun ya tura wa kwastomominsa a waya kuwa, lambar da ba tasa ba aka yi ta kira, ya zo yana ta faɗa kuma da gaskiyarsa.

A Word mutane da yawa suna tura rubutu gefen dama su ɗauka shikenan sun gama, alhali jingina rubutu dama daban, juya alƙiblarsa daban. Ctrl da Shift na hannun dama ke mai da sakin layi na Larabci, na hagu ya dawo da shi. A shafin intanet kuma dir="rtl" ake sawa, in ba ka san da wane harshe mutum zai rubuta ba ka sa dir="auto", shi harafin farko yake dubawa ya yanke hukunci, saboda haka jimlar Larabci da ta fara da kalmar Facebook za ta ruɗa shi. Sunayen da ake ɗaukowa daga rumbun bayanai ni cikin bdi nake sa su, wata alama ta rubutun shafin intanet mai killace kalma, don kar su taɓa abin da ke kusa da su.

Akwai kuma alamomin da ba a gani, LRM da RLM masu tura rubutu ya tashi daga hagu ko daga dama, da waɗanda aka ƙara a Unicode 6.3 a 2013 masu killace yanki ɗaya. Suna aiki sosai amma ba na son yawan watsa su, don suna maƙalewa cikin rubutu, ka nemi suna a Excel ya ce babu alhali gashi kana kallonsa. A 2021 ma masu bincike a Jami'ar Kambirij sun nuna ana iya ɓoye mugun abu a cikin kod ɗin manhaja da irinsu.

Ajami na malamanmu shi nasa ƙarin aikin font ne, wato salon haruffa, kuma font ɗin Alkalami na ƙungiyar SIL ya fi kama da rubutun allo da suka saba.

Yanzu kafin in miƙa aiki sai na kwafi layin da ya fi cakuɗewa na liƙa a WhatsApp da Excel na gani, sannan in danna lambar wayar in ga ko ta mai aikin ce ta fito.