Goyon Auta daga Zariya zuwa Jos

Yau kwana uku ke nan da dawowarmu, amma har yanzu in zan zauna a benci sai na ɗan karkata gefe guda. Auta kuwa ya rantse ko Tudun Wada aka aike shi da ƙafa zai tafi, shi da mashin sai bayan babbar Sallah.

Gwaggonmu ta Unguwar Rogo a Jos ce ta yi jinya ta samu sauƙi, Inna ta ce a je a duba ta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai mutum ya zauna ya yi lissafi, balle na mutum biyu zuwa da dawowa. Na lissafa man da Boxer ɗina zai sha, na ga bai kai rabi ba. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa Inna. Ainihin maganar kuwa, na daɗe ina kwaɗayin in ga mashin ɗin nan ya yi doguwar tafiya, ba kullum Kwangila zuwa Ƙofar Doka ba.

Mako guda na yi ina shiri, kuma duk mashin na shirya. Na kai shi wurin bakanikena a Sabon Gari, aka juye baƙin mai, aka sa sabon filogi, aka ɗaure cen aka shafa masa mai, aka canza birkin baya. Na sayi tub guda na ajiya, da famfon hannu, da robobin ɗaure kaya. Da ya ji goyo zan yi, sai ya ƙara wa tayar baya iska, ya ɗaure shokazoba ta yi tauri, ya ce in ba haka ba kowane rami sai mun ji shi a ƙashin bayanmu. Ya kuma ce in riƙa taka birki da wuri, don mashin mai ɗauke da mutum biyu da kaya ba ya tsayawa inda ka saba ya tsaya. Yana goge hannu ya ce, “Maigida, ka gyara doki. Shi wanda zai zauna a baya fa, ka gyara shi?” Dariya na yi. A ganina wanda aka goya ai zama kawai zai yi ya sha iska.

Na kuma leƙa tasha na tambayi direbobin Jos halin da hanya take ciki. Duk bakinsu ɗaya: ku bari gari ya waye sosai, kuma kada magariba ta same ku a daji.

Ranar tafiya Auta ya fito cikin doguwar jallabiya da silifas, kamar mai zuwa ɗaurin aure a Gyallesu. Na kora shi ya koma ya sa wando da takalmi sau-ciki, don na taɓa ganin yadda taya ta naɗe wa wani bakin riga a PZ, kuma salansa ba ta san ɗan gida ba in ta yi zafi. Hular kwano ta biyu aro na yi, ta yi masa yawa, sai da ya sa hular sanyi a ciki. Inna ta yi mana addu'a, ta riƙe hannuna ta ce, “Amana na ba ka.” Ƙarfe bakwai saura muka bi ta Dakace, hazo ya rufe gabanmu, sanyin hunturu yana shiga ta hannun riga.

Ba mu kai Maigana ba na gane abin da bakanike yake nufi. Duk kwanar da na kwantar da mashin dama, sai Auta ya tsorata ya ja jikinsa hagu, mashin ya riƙa rawa a hannuna kamar ana jan igiya. Na tsaya na yi masa karatu: ka zama kamar buhun da aka ɗaure a bayana, inda na karkata ka karkata, kada ka sauke ƙafa ko mun tsaya sai na ce, kada ka hau ko ka sauka ban kafa ƙafafuna biyu ba. Magana kuma ba ta jiyuwa cikin iska da hular kwano, sai muka yi yarjejeniya: taɓa kafaɗa sau ɗaya a rage gudu, sau biyu a tsaya. Karatun da ya kamata in yi masa a tsakar gida, ga shi ina yi a bakin titi tireloli suna watsa mana ƙura.

Bayan Dutsen Wai sai na ji ƙwas! a ƙeyata. Can kuma ƙwas! Ashe gyangyaɗi yaron yake, hularsa tana bugun tawa. Jikina ya yi sanyi. Ni da nake tuƙi idona a kan rami yake, hannuna yana aiki, barci ba ya samun wurin shiga. Shi kuwa ba abin da yake yi sai kallon bayana da sauraren ƙarar inji, ga tuwon ɗumame a cikinsa. Daga nan na sa doka, kowace awa sai mun sauka mun taka ƙasa, kuma na cusa masa goro, shi da ba ya ci.

A Pambeguwa, inda hanyar Kaduna ta haɗu da tamu, ya sauko yana tafiya kamar sabon kaciya. “Yaya, wallahi ba na jin ƙafafuna.” Jakar da na rataya masa a baya ta yanka masa kafaɗu, rabin mazauninsa kuma a kan ƙarfen kariya yake tun Zariya, bai faɗa ba don kunya. Muka sauke jakar muka ɗaure ta a kan tanki. Na hango wani mai gyaran katifa, na ce ya yanko min guntun soso. Ya dube ni, ya dubi tafiyar Auta, ya faɗi kuɗin da a Sabon Gari zai saya min filo sabo. Na taya rabi, ya ce albarka. Na juya kamar zan tafi, bai ko ɗaga kai ba, don ya san wa ke da buƙata. Na dawo na biya. A duk kuɗin da na kashe a tafiyar nan babu wanda ya yi amfani kamar na soson nan, amma har yanzu ina jin haushin mutumin.

Tsakanin Pambeguwa da Saminaka tayar baya ta yi faci. Ƙusa ce mai tsawon ɗan yatsa. Ga tub, ga famfo, sai dai sifanar da za ta kwance tayar tana can Zariya a kan taga. Muka tura mashin cikin rana har muka iso wasu 'yan gidaje a bakin hanya, inda wani dattijo yake zaune a gindin mangwaro yana ɓarar masara. Muka yi sallama, ya amsa, ya ce, “Samari, daga ina da rana haka?” Kafin mu gama bayani ya ƙwala wa jikansa kira, ya ɗora shi a keke ya je ƙauyen gaba ya ɗauko mai faci.

Mutumin Kurama ne, Kirista, Hausarsa tas kamar ta Bazazzagi. Aka kawo mana ruwan randa, aka biyo da kunun tsamiya da dafaffen dankali a kwano. Da ya ga rana ta karkata, da kansa ya ce a kawo buta da tabarma, ya nuna mana gabas, ya kori yara daga wurin. Muka yi ƙasaru muka haɗa azahar da la'asar. Muna hira ya ce duk masarar da muke gani tana shigowa Zariya a manyan motoci, mai yawa daga ƙasarsu take, amma su manoma sai dai su ji labarin kuɗinta a bakin dillalan kasuwar Saminaka. Ya yi mitar tsadar taki kamar yadda kawunmu na Soba yake yi, kalma ba ta bambanta ba. Da za mu tafi na ciro abin da ya sawwaƙa na miƙa masa. Fuskarsa ta canza. “Ɗana, a garinku sayar wa baƙo ruwa ake yi?” Na rasa ta cewa. A raina na tuna sau nawa mai mashin ya tura ta ƙofar gidanmu ina zaune, ko sannu ban ce masa ba. Mai facin ma, ina jin don idon dattijon, bai karɓi fiye da abin da ake biya a gida ba.

Saminaka wucewa kawai muka yi, don lokaci ya ja. Daga Jengre ƙasa ta fara sauya fuska, duwatsu manya-manya wani kan wani kamar da hannu aka jera su, hanya kuma ta fara hawa. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, kuma mashin ɗina ya ji kowace mita. Wurin da zan wuce a giya ta huɗu ni kaɗai, sai da na dawo ta biyu, inji yana kuka, Auta yana salati. Iska ta yi sanyin da ban taɓa ji da la'asar ba.

Dab da shiga gari muka faɗa hannun wani mai kaki a shinge. Ya ɗaga sanda, na tsaya, bai amsa gaisuwata ba ya zare makulli. Tambayarsa ta farko ita ce nawa fasinjan ya biya ni. Ashe abin da ban sa a lissafi ba ke nan: tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, don haka mutum biyu a kan mashin, da ƙura har gira, ba sai an tambayi sana'arsu ba. Na ce ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce ƙarya nake, ba mu yi kama ba. To, ni baƙi ne, Auta ya ɗebo hasken Inna, wannan kuma ba laifina ba ne. Na ba shi lasisi da takardun mashin har da rasiɗin saye, ya juya su sama da ƙasa. Muka ciro katin ɗan ƙasa, ga sunan mahaifi iri ɗaya, ya ce ai Hausawa duk sunanku ɗaya. Ya koma ya zauna a kan taya yana danna waya, mu muna tsaye cikin sanyi, an bar mu mu gane da kanmu cewa na goro ake jira.

Dokar ba ni da ja da ita, kowane gari da tsarinsa. Wulaƙancin ne ya tsaya min a wuya. Mun fi rabin awa a wurin, sai da wani babbansu ya zo ya duba takardun, ya tambayi Auta sunan kakarmu, ya tambaye ni a gefe, amsa ta zo ɗaya, sannan ya sa aka ba ni makulli. Ya ce in muka isa gida mu ajiye mashin mu riƙa hawa Keke Napep. Haka muka yi.

Gwaggo ta rungume Auta tana faɗa da ni, wai na so in kashe mata ɗa. Sanyin Jos kuwa, duk wanda yake kukan hunturun Samaru bai ga komai ba. Ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta, bargo biyu muka rufa, ga safa a ƙafa. Mutanen garin ko a jikinsu, da rigar sanyi guda suke harkarsu.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne kasuwar Farin Gada. Kabeji kamar kan mutum, karas, latas, koren wake, tumatir kwando-kwando, da dankalin Turawa tuli. Kuɗin da zai cika min 'yar leda a Zariya, a nan sai ya cika bokiti, kuma mai sayarwa ta ƙara gyara ba ka roƙa ba. A gida in ka ce a yi gyara sai a dube ka kamar ka nemi gado. Amma nama da shayi sun fi namu tsada, kuma tsirensu bai kama ƙafar na Tudun Wada ba, kowa ya ji haushi ya ji. Kwaɗayin araha ya sa na sayi rabin buhun dankali, ban tuna a inda zan ɗora shi ba. A kan kariya ya hau, ya ture Auta gaba, Auta ya ture ni kan tanki.

Da yake mun riga mun fito, sai na ce mu koma ta Bauchi, kimanin kilomita 130 daga Jos. Gangara ce ta Tilden Fulani da Nabordo, zafi yana dawowa a hankali muna cire riguna. Mun ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mun ci waina a Wunti da ta cancanci sunan da ta yi, mun kwana gidan wani abokin karatuna.

Washegari Ningi, Birnin Kudu, Wudil. Ba abin da nake tunawa sai rana da ramuka da taɓin kafaɗa sau biyu-biyu.

Muna isa Unguwa Uku a Kano, Auta ya sauka, ya cire hular kwano ya miƙo min. “Yaya, don girman Allah ka sa ni a mota.” Na biya masa, na biya wa dankali, ribar lissafina ta tafi a nan. Ya riga ni isa Zariya da awa guda, na tarar har ya gama ba Inna labari, ta fuskarsa.