Ku Koyi Riƙon Kuɗi da Hannunku, a Gaban Wanda Ya Sani

Ƙannena matasa, da yawa daga cikinmu a nan Sakkwato mun taso muna ganin kuɗi suna shiga gida suna fita, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana bambancin uwar kuɗi da riba. An koya mana lissafi a makaranta, mun kuma ci jarrabawa, sai dai lissafin allo ba ya hana kowa barci, domin ba kuɗinsa ne a ciki ba. Riƙon kuɗi da hannu ake koyonsa, da ɗan ƙaramin jari, a gaban wanda ya daɗe a cikin sana'a.

Bayan na gama karatu, wani kawuna ya ba ni jari, na yanke shawarar shiga sarin albasa, saboda kowa ya san tana araha lokacin da ake cire ta da rani a fadamun Goronyo da Wurno, sannan ta yi tsada bayan wasu watanni. A takarda lissafina ya fita tsaf, amma ban sa kuɗin buhu da ɗinki ba, ban sa ladan 'yan dako da kuɗin mota ba, balle la'adar dillali. Abin da ya fi cutar da ni shi ne ban tambayi masu ajiya yadda suke yi ba, domin ina ganin na yi boko. Na jibge buhunan a ɗaki mai rufin kwano, alhali su a rumfar kara suke baza ta, a kan abin da ya ɗaga ta daga ƙasa don iska ta ratsa, kuma suna bi suna tsince wadda ta fara lalacewa kafin ta shafi sauran. Ranar da na buɗe ɗakin, wari ne ya fara tarbata, baƙin ruwa yana tsiyaya daga gindin buhunan. Daga baya wani dattijon ɗan kasuwa ya gaya mini cewa ko wadda aka ajiye da kyau tana ramewa, don haka mai hankali yakan cire wannan ragin tun kafin ya fara ƙirga riba.

Ɗan abin da na tsira da shi ma bai daɗe ba. Ina sayarwa ina zuba kuɗin a aljihu ɗaya da na cefane da na katin waya, ina cin uwar kuɗi ina zaton riba nake ci. Na kuma ba abokai bashi da baki, saboda ina jin nauyin in rubuta sunansu. Wannan nauyin ba shi da tushe, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, tare da wa'adinsa.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar wannan ilimi a hannun makaranta ita kaɗai ba. Malamin aji ya san ƙa'ida, amma mai shago a Babbar Kasuwa, da dillalin dabbobi a Kara, da badukun da ke ɗinka fatar jar akuyarmu, su suka san inda kuɗi suke zurarewa. Da ƙungiyar iyaye da malamai za ta zauna da shugabannin 'yan kasuwa, a riƙa tura ɗalibai wurinsu lokacin dogon hutu, a ba kowane rukuni ɗan jarin da ko ya salwanta ba zai karya kowa ba, a ce su riƙe littafi su kawo bayani duk mako, da yaro ya yi faɗuwarsa ta farko a kan dubu biyar maimakon a kan gonar gado. Malaman Islamiyya suna da babin saye da sayarwa a littattafan fiƙihu, kuma ɗalibin da ya lissafa zakkar kayan wani shago da kansa, ɗaya bisa arba'in, ba zai manta ba. Kada a bar 'yan mata a baya, domin uwar adashin unguwa, wadda take tara zubi ta san ranar ɗaukar kowa, makaranta ce sukutum.

Akwai kuma wasu abubuwan zamani da ya kamata mu sani. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato kuɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa suna nan a ƙirge amma ƙarfinsu yana zagwanyewa. A shekarar ce hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, ga kuma bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Ya dace ma'aikatan banki su riƙa shiga makarantu suna bayyana waɗannan, su kuma nanata cewa ba a gaya wa kowa lambar sirrin asusu a waya. Ku tambayi yayyenku labarin MMM, wata harkar zuba kuɗi ta yaudara a intanet, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 bayan ta yi musu alkawarin riba kashi 30 a wata. Duk wanda ya taɓa kasa kaya da kansa ya ga yadda ake shan wuya kafin a sami ribar naira ɗari, da wuya irin wannan alkawari ya ruɗe shi.

Kafin manya su shirya wannan haɗin gwiwa, kai nemi ɗan kasuwar da ka yarda da amanarsa, ka je ka gaishe shi, ka ce: "Baba, ina so in riƙa zama a shago in koya." Ka sayi littafin rubutu, ka ware shafin abin da ya shigo da na abin da ya fita da na bashi, kuma ka roƙe shi ya riƙa duba maka shi duk ranar Alhamis kafin a rufe shago.