Wasiƙa daga Limerick: Jiragen Sama Masu Sauka a Kan Ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan kowa yana lafiya.

Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa daga wurinku tun da na tura hoton jirgin nan na Foynes: shin jirgin sama ne ko na ruwa, kuma yana tashi? Jirgin sama ne wanda aka ƙera cikinsa da siffar kwale-kwale domin ya sauka a kan ruwa ya kuma tashi daga kansa, amma wanda kuka gani ba ya tashi, kwatankwacinsa ne aka gina daidai girman na asali. Zan yi bayanin dalili, in kuma taɓo masu neman tarkacen irin waɗannan jirage da waɗanda suka ƙera sababbi masu tashi.

Foynes ƙaramin gari ne a bakin kogin Shannon, a yankin Limerick na ƙasar Ireland. Ranar 9 ga Yuli 1939 jirgin kamfanin Pan American mai suna Yankee Clipper ya sauka a can da fasinjoji daga Amurka, kuma har zuwa 1945 garin ya kasance mashigar masu tsallake tekun Atlantika. Samfurin jirgin shi ne Boeing 314, faɗin fikafikansa ya kai mita 46, a cikinsa akwai ɗakin cin abinci da gadajen kwana. Guda 12 kacal aka ƙera, uku daga ciki kamfanin BOAC na Birtaniya ya saya, ya riƙa bi da su ta Lisbon da Bathurst, wato Banjul ta yau, har zuwa Legas. Babu ko ɗaya da ya rage. Yankee Clipper ya faɗi a kogin Tagus da ke Lisbon, ƙasar Portugal, a 1943. Honolulu Clipper ya sami matsalar inji a tekun Fasifik a 1945, sojojin ruwan Amurka suka nutsar da shi da harbi bayan an kwashe mutanen ciki, haka kuma aka yi wa Bermuda Sky Queen a Atlantika a 1947 bayan an ceto mutum 69. Mafi yawan sauran an yayyanka su an sayar a matsayin gwangwan, abin da har yanzu yake ɓata mini rai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan takardun da ke tsakanin mutum da tarkacen da ya gano. A Birtaniya, dokar 1986 ta kare duk jirgin saman soja da ya faɗi yana bakin aiki, ba a taɓa ko ƙusa ɗaya sai da lasisin ma'aikatar tsaro, domin wasunsu kaburbura ne. A Pembroke Dock da ke Wales, wani jirgin saman soja mai sauka a kan ruwa, samfurin Sunderland, ya nutse a guguwar Nuwamba 1940, masu nutso suka gano shi bayan shekaru masu yawa, suka ciro injinsa. Ciro shi ma ba ƙarshen aiki ba ne, domin ƙarfen da ya sha gishirin teku yana saurin ruɓewa idan ya haɗu da iska, sai an daɗe ana jiƙa shi ana wankewa, ana rubuta inda aka sami kowane yanki. Shi kuwa nutson ana yin sa ne a cikin ruwa mai duhu da sanyin da ke sandarar da yatsu, kuma yawancin masu aikin 'yan sa kai ne.

Da farko takardun nan suna gajiyar da mai kallo, amma su ne suka hana a kwashe tarkacen a sayar, kuma zane-zane da hotunan da aka adana ne ke sa a iya sake gina jirgin da ya ɓace. A gida ma, jiragen sama sun fara sauka a Kano tun 1925, saboda haka duk wanda kakansa ya bar hoto ko takardar aiki ta filin jirgi ko ta reluwe, ya kamata ya ɗauke ta a waya, ya rubuta sunaye da shekara tun masu iya tantancewa suna raye.

Batun masu tashi kuwa, a Amurka an ƙera sababbin Sikorsky S-38 guda biyu, wato wani tsohon samfurin jirgi mai sauka a kan ruwa, ɗayansu ya tashi har Brazil a 1998. Cikakken labarinsu sai wasiƙa ta gaba, in Allah Ya yarda.

Ɗan uwanku a Limerick.