Kafin ka sayi kwaɗo, duba inda za ka rataye shi

Aikina kula da gine-gine ne a nan Kano. Mai kuɗi ya ba da kwangila, a bar ni da magina da leburori da sito cike da siminti da rodi da wayar wuta. Don haka sayen kwaɗo ya zame mini jiki, har 'yan'uwa da abokai suka mai da ni wurin tambaya: "Malam, wane kwaɗo ne mai kyau?" Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin cewa nake yi su fara nuna mini ƙofar tukuna.

Yawancin sitocin da na ga an fasa, kwaɗon yana nan a kulle lafiyarsa ƙalau, yana reto a jikin maratayin da aka ɓamɓaro. Ɓarawon unguwanninmu ba ya zama yana soka waya a ramin mabuɗi kamar yadda ake nunawa a bidiyon intanet. Dogon ƙarfe yake zuwa da shi, ko guduma, ko babban almakashin nan na yanka rodi, wanda sau da yawa ma a wurin ginin yake tsintarsa, maƙerin rodi ya tashi aiki ya bar shi a jingine. Idan maratayin kwaɗon siririn ƙarfe ne da kafinta ya kafa da ƙusa huɗu a jikin katako, to ko kwaɗon Jamus ka rataya, banƙara ɗaya ta wadatar. Haka in da sukuru aka ɗaura shi kuma kawunan suna waje, sukundireba kawai ake buƙata. Maratayi na kirki mai kauri ne, ƙusoshinsa suna ratsa ƙofar a ɗaure su da noti daga ciki, kuma in an rufe yana lulluɓe kawunansu. A ƙofar ƙarfe kuwa mai walda ya like shi ta kowane gefe, ba ɗigo biyu ba. Sannan a leƙa ɗaya gefen ƙofar, wajen hinji. In sandar hinjin tana fita da bugun guduma daga ƙasa, an gama magana, ba sai an taɓa kwaɗo ba.

To in ƙofa ta yi, sai a zo kan kwaɗon. Lambar da kake gani a jikinsa, 40 ko 50 ko 60, faɗin jikin ne da milimita, ba ma'aunin ƙarfinsa ba. Abin dubawa shi ne wuyan, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke shiga maratayi. Ga sito ko shago ba na sayen wanda kaurin wuyansa bai kai milimita 10 ba, kuma sai na ƙarfen da aka gasa ya yi tauri. Kusan kowane kwaɗo a kasuwa an buga masa tambarin cewa wuyansa gasasshe ne, har da na ƙarya. Ni da ƙaramin magagari nake shiga kasuwa, na nemi izinin mai shago na goga a wuyan. In magagarin ya zame bai ci ba, ƙarfen ya gasu. In ya ci har ya bar tsagi, zarto ma zai ci. Wasu 'yan kasuwar sukan ɓata rai, amma wanda ya yarda da kayansa da kansa yake miƙo maka.

Mutane suna son kwaɗo mai dogon wuya saboda yana shiga ko'ina ba wahala. Wannan sauƙin shi ne aibinsa, don ya bar wa almakashi fili. Wanda na fi so shi ne mai kafaɗu, wanda jikinsa ya taso ya rufe wuyan ta gefe biyu, ko kuma mai siffar faifai, irin wanda kamfanin ABUS na Jamus ya fito da shi a 1949, da ɗan guntun wuya kawai ke leƙowa. Ga ƙofar shago mai naɗewa akwai mai miƙaƙƙiyar sanda da ke ratsa jikin kwaɗon, irin wanda Viro na Italiya ya yi suna a kansa.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Buɗe kwaɗon ka dubi wuyansa. A masu araha za ka ga tsagi mai kaifi, inda wani ɗan harshe da sifirin ke turawa yake kamawa. Irin wannan ana iya danne harshen da siririn gwangwani, wani lokaci ma bugun guduma a kafaɗa yana sa ya saki. A masu kyau, gurbin zagayayye ne a ƙafafun wuyan biyu, ƙwallayen ƙarfe ne ke zama a ciki, ba sa motsi sai mabuɗi ya juya. Da yawa daga cikinsu ma ba sa sakin mabuɗi sai an kulle, abin da ke hana yaro barin sito a buɗe ya tafi da mabuɗi a aljihu.

Turawa suna da ma'auni mai suna EN 12320 da ya kasa kwaɗuna daraja 1 zuwa 6, ta 6 ce mafi ƙarfi. In ka samu na asali mai daraja 3 ko 4, ya ishi gida da sito. Matsalar dai ita ce "na asali". Duk sunan da ya shahara, daga Yale har Tri-Circle na Sin da ya cika kasuwanninmu, ana buga jabunsa. A Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari za a ajiye maka biyu masu suna ɗaya, farashi ya ninka, a ce wannan "orijina" ne. Ɗauki kowanne ka ji nauyinsa, ka juya mabuɗin ka ji ko yana tafiya sumul ko yana karkarwa. Wanda aka ce na tagulla ne, kara masa maganaɗisu a jiki: in ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi, damina ɗaya zai yi tsatsa. Araha ba ta ado.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. Yawancin kwaɗunanmu tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a shekarun 1860 suke bi: 'yan ƙananan sanduna da sifirin a bayansu, mabuɗi ya ɗaga kowacce daidai gurbinta. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika ramin, sai sandunan su maƙale. Nan ne mai gadi zai ɗebo baƙin mai ko man gyaɗa ya tsiyaya, ya yi laushi na kwana biyu, daga nan ƙura ta haɗu da mai ta zama taɓo. Garin bakin fensir ya fi, a goga shi a jikin mabuɗi a shigar a fitar. Akwai kuma tsarin Abloy na ƙasar Finland, da Emil Henriksson ya ƙirƙiro a 1907, mai amfani da fayafayai masu juyawa maimakon sanduna da sifirin. Yana jure ƙura da ruwa sosai, sai dai tsada, kuma ba kowane mai yanka mabuɗi ke iya kwafarsa ba, wanda a wurina alheri ne.

A wurin gini kuwa, akwati ya fi kwaɗo muhimmanci. In kwantena ce sitonka, sa mai walda ya ƙera ɗan akwatin ƙarfe mai kauri a bakin ƙofofin biyu, buɗaɗɗe ta ƙasa kawai, yadda kwaɗon zai shige ciki, hannu ne kaɗai zai kai gare shi. Almakashi ba shi da wurin kamawa, guduma ba ta da wurin sauka. Injin yankan ƙarfe zai iya cinsa, babu ƙarfen da ya gagare shi, amma zai ɗauki lokaci, ga ƙara ga tartsatsi cikin dare, kuma abin da kuɗinka ke saya ke nan. Kayan hannu masu tsada, irin su injin huda bango da injin yankan tayil, ina sa su a babban akwatin ƙarfe mai hinji daga ciki, a ɗaure shi da ƙasa ko a like shi da jikin kwantenar. Akwatin da mutum biyu za su iya ɗagawa, a Keke Napep zai kwana.

Haka abin yake a gida. Ƙaramin akwatin kuɗi mai hannu da ake sayarwa a kanti, tara wa ɓarawo kaya wuri ɗaya kawai yake yi. In za ka ajiye takardar fili ko gwal ɗin uwargida, a kafe akwatin da bango ta ciki, a wurin da baƙo ba ya shiga. Ƙananan akwatunan ajiye mabuɗi masu lamba suna da amfani in ma'aikata da yawa ke shiga wuri. Mai lamba 4 yana da haɗi 10,000, mai lamba 3 kuwa 1,000 ne kacal, wanda yaro mai haƙuri zai gama gwadawa da yamma ɗaya. Kada a sa shekarar haihuwa, kada a kafa shi a bakin titi, kuma a canza lambar duk ranar da aka sallami wani.

Maganar sallama ta kawo ni kan mabuɗai. Da ɗan gari akan ci gari. Kwaɗo yakan zo da mabuɗi uku ko huɗu, kuma ya kamata ka san hannun da kowanne yake. Wanda ya karɓi mabuɗi ya je sallar azahar da shi, ya samu isasshen lokacin da za a yanka masa wani. A wuraren da nake kula da su, sito kwaɗo biyu ne, ɗaya a hannuna ɗaya a hannun mai kula da sito, ba ya buɗuwa sai mun haɗu. Mai gadi ba ya riƙe ko ɗaya, kuma wannan kariya ce gare shi, don ranar da buhu ya yi ƙafa ba wanda zai nuna shi da yatsa. In aka canza ma'aikata, kwaɗon ma canza shi nake yi, tsohon ya koma ƙofar banɗaki.

Wuri ɗaya ne nake roƙon mutane su sassauta: ƙofar ƙarfen da ake kullewa daga ciki da dare, a gidan da tagoginsa duk an yi musu ƙarfe. Lokacin sanyi gobara tana yawa, kuma cikin hayaƙi da duhu ba a laluben mabuɗi a aljihun rigar da aka cire jiya. A nan kwaɗo ɗaya mai buɗuwa da sauƙi ya isa, mabuɗinsa a rataye a ƙusa kusa da ƙofar inda hannu daga waje ba zai kai ba, kuma kowa a gidan, har yaran da suka yi wayo, ya san wurin ya kuma gwada buɗewa da hannunsa.