Wa'azin da nake kai wa Inna gida

A daminar da ƙafafun Inna suka daina kai ta majami'a na gane cewa na yi shekaru ina zuwa sujada ba tare da ina jin komai ba. Ƙauyenmu yana ƙaramar hukumar Sumaila, ta wajen Gani. Majami'armu ta ECWA ce, ginin ƙasa da rufin kwano, tafiyar minti goma daga ƙofar gidanmu. Amma ga tsohuwar da gwiwoyinta suka kumbura, wannan tafiya ta fi ƙarfinta.

Lahadin farko da ta zauna a gida, na dawo na same ta a kan tabarma a gindin darbejiya. Na durƙusa na gaishe ta. Ko ruwa ban sha ba ta ce, "Auta, me aka faɗa yau?" Na ce an yi wa'azi mai kyau. Ta ce, "Daga wane littafi?" Na yi shiru. Na tuna sanarwar kuɗin gyaran rufi, na tuna waƙar da matan zumunta suka yi da kiɗan tulu, har wanda ya sa sabuwar shadda na tuna. Abin da Baba Fasto ya yi kusan minti 40 yana faɗa kuwa, ko kalma ɗaya ban riƙo ba. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, yau da yunwa zan kwana ke nan." Maganar nan ta hana ni barci a daren.

Inna ba ta taɓa riƙe fensir ba, amma Zabura 23 tana kanta tun daga farko har ƙarshe, haka labarin Yusufu da 'yan'uwansa. Ta sha gaya mini cewa lokacin da mahaifinta ya bar tsafi ya bi Almasihu, Littafi Mai Tsarki ɗaya ne tak a ƙauyen, yana hannun mai bishara. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, aikin da Likita Miller na Wusasa ya sa hannu a ciki sosai, amma a karkara masu iya karanta shi ba su da yawa. Wanda bai iya karatu ba, kunnensa ne littafinsa. In ya bari magana ta wuce, sai wani makon. Abin da Bulus ya rubuta a Romawa 10:17, cewa ta wurin ji bangaskiya take samuwa, su Inna sun rayu a kansa kafin su san lambar ayar. Ni kuwa na gama sakandare, ina da Littafi a jaka, ina da wani a waya, na dawo mata hannu rabbana.

Da jiki na fara gyara, don shi ya fi sauƙi. Mutum ya yi kwana shida yana noma, daren Asabar ya kai sha biyu a teburin mai shayi, da safe ya cika ciki da ɗumame, sannan ya zauna a bencin baya kwano yana zafi a kansa, yaya ba zai yi gyangyaɗi ba? Aftikos ma, a Ayyukan Manzanni sura 20, barci ne ya faɗo da shi daga taga Bulus yana magana. Na koma kwanciya da wuri, koko kawai nake sha, na matsa benci na biyu bayan dattawa, waya kuma a gida take kwana ta wuni.

Ranar Laraba bayan taron addu'a na roƙi Baba Fasto ya riƙa faɗa mini nassin da zai yi wa'azi a kai. Ya yi murna ƙwarai. Daren Asabar sai in haska tocila in karanta wa Inna, mu kwana da shi a zuciya. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Da farko na so in rubuta komai, sai hannu ya yi ta gudu, hankali ya bar wajen. Daga baya na taƙaita: sura da aya, maganar da fasto ya fi nanatawa, da duk wurin da na ji ya soke ni.

Ranar da aka yi wa'azi a kan mai shuka, daga Markus sura 4, ba zan manta ba. Misali ne da na sani tun makarantar Lahadi, amma ban taɓa tambayar kaina yadda manomi zai bar irinsa ya zuba a kan hanya ba. Mu nan da sungumi muke sara, a jefa 'yan ƙwayoyi a rami, a rufe da diddige. Baba Fasto ya ce a ƙasarsu Yesu yafa iri ake yi da hannu, shi ya sa wani ya faɗa a hanya tsuntsaye suka tsince, wani a kan dutse, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau ya ba da riɓi 30, da 60, da 100. Iri ɗaya ne, hannu ɗaya ne, ƙasar ce ta bambanta. Na kawo wa Inna wannan duka, ina jin daɗin na riƙo. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ƙaya ai ana ganinta, Auta. Ka ji tsoron ƙuduji. Kafin ya fito da furensa ya riga ya tsotse dawa ta ƙarƙashin ƙasa." Gaskiya ta faɗa. Ni ba fako ba ne, maganar tana shiga. Amma ana tsakiyar wa'azi zuciyata tana lissafin buhun taki da bashin da zan biya da kaka, ba wanda ya gani, fuskata tana kallon bagade. Yanzu in lissafin ya taso, nakan rubuta shi a bayan littafin in ce masa sai Litinin, in dawo da kunnena.

Sauraro da kyau kuma bai sa na zama mai haɗiye duk abin da aka faɗa ba. Wani baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa, ya ɗauki wannan misali na mai shuka ya ce irin kuɗi ne, wanda ya ba da baiko mai tsoka zai girbe riɓi ɗari. Da a da ne, amin zan ce da ƙarfi. Amma na buɗe aya 14, inda Yesu da bakinsa ya ce Maganar ce ake shukawa. Ban ta da hayaniya ba. Bayan an tashi na sami Baba Fasto na nuna masa cikin ladabi, ya ce abin da mutanen Biriya suka yi ke nan a Ayyukan Manzanni 17:11, suna bin Nassi kowace rana su ga ko haka ne, alhali Bulus ne ma yake yi musu wa'azi. Lahadin da ta biyo ya gyara maganar a gaban jama'a ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

Abin da ya fi yi mini wuya daban ne. Shekara biyu ba ma gaisawa da ɗan baffana saboda kunya biyu a iyakar gona, wajen da gamba ta mutu aka rasa shaida. Wata Lahadi aka karanta Matiyu 5:23-24: in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. Yana zaune a layin da yake gefena. Tun daga farko har ƙarshe ina cewa a raina Allah ya sa yana ji. Na rubuta komai tsaf, na dawo na zayyana wa Inna ba tuntuɓe. Ta yi shiru, can ta ce, "Nawa ka kawo mini duka. Naka fa, a ina ka baro shi?"

Kwana uku ina fama. Na yi ta kawo hujja cewa shi ya fara tura garma cikin nawa. Amma ayar ba ta tambayi wanda ya fara ba, kuma wasiƙar Yakubu sura 1 ta kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya ya manta kamanninsa. Ranar Alhamis da sassafe na je na yi sallama a zaurensa. Ya fito da mamaki a fuskarsa. Na durƙusa na ce, "Yaya, na zo ne a kan maganar gona. Ka yafe mini abin da na faɗa maka a gaban mutane." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya kama hannuna ya tashe ni, ya leƙa cikin gida ya ce a kawo mana koko.

Da yamma muka kira dattawa biyu na ikilisiya suka tsaya, muka raba kunyoyin ɗaya ɗaya, muka dasa sabuwar gamba a tsakani. Lahadin da ta biyo, tare muka dawo daga majami'a. Muka zauna a bakin tabarmar Inna, ni na faɗi nassin, shi ya cika wuraren da na tsallake.